Amaryar Baba Nomau

Na ji ku fa. Kuna tsammanin don na tsufa kunnena ya toshe? Shekaranjiya ina wucewa ta bayan tagar buro, ofishin nan naku, ɗayanku yana cewa wai aikin Hajiya Sa'a ai ba aiki ba ne, hawan jirgi ne da zama ɗaki mai sanyi ana juya shayi da ɗan cokali. Wata kuma ta ce ita ma in aka ba ta ordinatar, wato kwamfuta, kafin la'asar ta gama rubuta ƙa'idar kula da jarirai. Madalla da ke, ƴata. Ku jawo kujeru. Ba faɗa zan yi ba, na gaji da faɗa tun kafin a yaye ku.

Jirgi dai na hau shi, ban musa ba. An kai ni garuruwan da har yau bakina bai iya sunansu ba, na zauna da likitocin ƙasashe iri-iri, kowa da abin jin tafinta a kunne. Aikin shi ne a tattaro binciken da aka yi ko'ina a duniya kan abu guda, a tace, a sake tacewa, har a fito da ƴar magana wadda ungozoma a ƙauye za ta bi ta ceci jariri. Na ga dattawa masu furfura sun wuni suna ja-in-ja kan layi biyu, har abincin rana ya huce. To wannan rabin aikin ke nan. Ɗaya rabin shi ne nawa: in ɗauko maganar nan tun tana daftari, in kawo ta Gazawa ko Sae Sabuwa, in shiga da ita ɗakin mai jego, in ga za ta tsaya da ƙafarta ko za ta faɗi. In ta faɗi, in koma in gaya musu inda ta yi tuntuɓe.

A matarnitin Agiye, wato ɗakin haihuwa, na koyi sana'ar, hannun wata tsohuwar ungozomar likita, ƴar can bakin teku, muna ce mata Madam Filomen. Hausarta a karye take, amma idonta ba ya kuskure. Ranar farko ta miƙo mini takarda ta ce in karanta. Na gyara murya na karanta: a wanke hannu da sabulu da ruwa mai gudana kafin a taɓa jariri. Ta ce, "To yi mu gani." Ta ba ni buta da sabulu, ta harɗe hannu. Na saɓa hannuwana biyu da kumfa, sannan na tsaya ina kallon buta, buta tana kallona. Ta ce, "Wa zai zuba maki? Wanda ya rubuta yana da famfo. Ke kina da buta. Ina mai zubawa cikin takarda?" Haka ta riƙa yi mini da kowane layi, sai na yi shi da hannuna tana tsaye tana tsaki.

Kayan aikina ba su cika jaka ba. Zane mai ƙwari wanda ba ya zamewa, ƴan hulunan ulu, ma'aunin zafin jiki, ƙaramin kofi, da jan bik, alƙalamina na gyaran daftari. Sai bayan hannuna, wanda ya fi su duka, don shi ba ya karyewa kuma ba a mantawa da shi cikin mota. Masu sayen hajarmu kuwa ba su da kirki ko kaɗan. Ba gaisuwa, ba godiya, kana cikin yi musu hidima su yi maka fitsari a cinya. Kuma ba su ke ciniki da kansu ba, kakanninsu mata ke yi musu, kuma wallahi gara ka yi ciniki da dillalin shanu.

Aikin da ya fi ba ni wuya a shekarar ruwan nan ne, wadda damina ta yi yawa har katangu suka riƙa zubewa. Daftarin da na ɗauko na goyon ƙirji ne. Kun san jaririn da ya zo kafin lokacinsa, bakwaini, abin da ke saurin kashe shi sanyi ne, don jikinsa ba ya riƙe ɗumi. A babban likita, wato asibitin birni, akwai kwalbar da ake sa shi, amma kwalba tana son kuran, wato wutar lantarki, ƙauye kuwa ba kuran. To bincike ya nuna ƙirjin uwa yana yin aikin kwalba. A tuɓe jariri, a bar masa ƙunzugu da hula, a manna shi tsakanin nonuwan uwarsa fata da fata, a ɗaure da zane, dare da rana. Daftarin uwa kawai ya ambata. A wurin taro na ɗaga hannu na ce a ƙasarmu akwai uwar da ba za ta iya ba. Suka ce in je in gwada, in kawo abin da idona ya gani. Kuma gaskiyarsu, a sana'ar nan ba a gyara layi da "ina jin".

Da safe muka bar mota bakin gulbi, na hau amalanken shanu na haye zuwa wani ɗan ƙauye gaba da Gidan Sori. Ruwa iya gwiwar shanu. Kafin in gama zama da mata, gulbi ya kawo, ja wur, yana tafe da itatuwa. Na tsaya wannan gaɓa, shofer, mai tuƙa motarmu, ya tsaya waccan, muna ɗaga wa juna hannu kamar masu bankwanan aikin hajji. Mai gari ya ba ni masauki.

Washegari da hantsi aka zo kirana. Wata yarinya, Sahura, ta zo gidan iyayenta goyon ciki, naƙuda ta kama ta wata bai kai ba. Na tarar da jaririyar bisa tabarma cikin tsumma, uwar Sahura, Inna Kulu, tana hura wuta za a yi mata wanka. Ƴar mitsitsiya, ba ta kai tiyar gero nauyi ba. Numfashinta lafiya, kukanta kamar na ɗan kyanwa. Na sa bayan hannuna a tafin ƙafarta, na ji sanyi ƙalau. Na ce, "Inna, wankan nan a ɗaga shi." Na cusa ta cikin rigata, na kira Maradi ta waya. Suka ce ba motar da za ta haye ruwan nan, in riƙe ta da ɗumi da nono har gulbi ya janye. Ɗumi da nono, su ke nan tsakaninta da kabari.

Da ƙafafun suka yi ɗumi na juya wurin uwar. Na ce, "Ƙanwata, kwance zanenki in ɗaura maki ita."

Sahura ta juya fuska ta kalli bango.

Ku da kuke sa hoton ɗan fari a waya tun cibiya ba ta faɗi ba, sai na yi muku bayani. A can, ɗan fari abin kunya ne ga uwarsa. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa gaban mutane, ba ta yi masa wasa. Ko nono za ta ba shi, wata ke kama shi ta sa masa, ita tana kallon wani wuri. Ba rashin so ba ne, tarbiyya ce, kuma wadda ta rungume ɗan farinta gaban iyayenta za a yi ta ba da labarinta bakin rijiya har ta yi jika. Ga shi ɗakin cike da ƴan barka, wata na fita wata na shiga, kowa da idonta.

Na sunkuya na ce mata a kunne, "Sahura, in ba a ɗauke ta ba mutuwa za ta yi."

Hawaye suka zubo mata, amma hannunta bai motsa ba. Da ƙyar na ji abin da ta ce. "Madam, Inna na nan. Baba na waje."

Raina ya ɓaci, kuma ta ba ni tausayi, duk a lokaci guda. Inna Kulu ta ce a ɗaura mata ita. Amma tun shigowata nake jin tarinta, irin mai fitowa daga can ƙasa, ta rame har wuya ya fito. Na ce, "Inna, ke kam sai an duba ƙirjin nan naki, ko kusa da ita kada ki riƙa zuwa." Mijin Sahura yana hayin gulbi. Matan gida kowa da nata goyon, ga gona, ga katangar da ta faɗi. Ni kuma tun da gari ya ji ruwa ya kama musu likita, ƙofar mai gari ta cika da yara masu zazzaɓi. Ba zan iya wuni da ita a ƙirjina ba.

Na fito da jaririya cikin riga ina tunani, sai na ji wata murya daga zaure, irin wadda ke firgita kaji.

"Madam! Ina kinka kai min matata? An ce an kawo min amarya, ni ban ga kowa ba!"

Baba Nomau ke nan, uban Sahura. Kun san wasan kaka da jika, jika mace ai matar kakanta ce. Tsohon ɗan kokowa ne, a zamaninsa an ce har hayin iyaka ake zuwa ɗaukarsa. Gwiwa ta hana shi gona, sai zaman zaure yana tufkar igiya yana tsokanar masu wucewa. Na tsaya na dubi ƙirjin mutumin nan. Faffaɗa kamar ƙofar rumbu, ga tsoka har yanzu, ga shi ba inda za shi.

Na ce, "Baba, amaryarka sanyi take ji. Tuɓe riga."

Ya ce, "A'uzu billahi! Gaban mutane?"

Na ce, "Da kake shiga fili, da babbar riga kake shiga?"

Ya yi dariya har ya buga cinya. Na yi masa bayani, ya saurara baki buɗe. Na sa ya cire layun wuyansa, ya wanke ƙirji da sabulu ya goge. Na kwantar masa da ita, kanta ƙarƙashin haɓarsa, kunnenta bisa zuciyarsa, na ɗaure da zanena, na mayar masa da riga a sama, hular ulu tana leƙowa ta wuyan riga. Mutumin da ya ɗaga ƙarti ya buga da ƙasa, sai ga shi yana tallafe ta kamar ƙwai.

Ya ce, "Madam, wagga ai ba ta da nauyi. Kin tabbata tana ciki?"

Kafin azahar labari ya gama gari. Maza suka riƙa zuwa da dalilai, wannan aron gatari, wancan neman akuyar da ba ta ɓata ba. Wani tsoho abokin wasansa ya tsaya bakin zaure ya riƙe haɓa ya ce, "Nomau, wa ya yi maka wanga aiki? Wata nawa?" Baba Nomau ya buɗe baki zai rama, jaririya ta zabura. Sai ya haɗiye. Daga ranar, mutumin da ake jin gaisuwarsa daga bakin gulbi ya koma raɗa. Zagin ma da raɗa yake yi, kuma wallahi ya fi zafi. Ya bar tabarsa ta gari, don na ce ko warinta ban yarda ba. Salla a zaune yake yi, da ma gwiwa ta ba shi uzuri. Da ta jiƙa shi karon farko ya kira ni da hannu ya ce, "Madam, amarya ta yi min wanka, kuma ruwan da ɗumi, ta iya hidima." In ya gaji ko zai kewaya, in karɓa in sa cikin rigata. Duk sanda na taɓa ƙafar nan, ɗumi.

Na fara jin daɗi, har na ciro jan bik na rubuta a gefen daftari cewa ƙirjin kaka ma yana yi. Ashe da sauran aiki.

Matsalar nono ce. Jaririyar ba ta da ƙarfin tsotsa, don haka Sahura ke tatsa cikin ɗan kofina, fuska a bango, ni kuma in kai zaure in ɗiga mata a leɓe kaɗan-kaɗan. Da farko nonon yana rufe gindin kofi. Sannu-sannu ya koma ɗigo. Yarinya ga ɗumi, amma barci ya yi mata yawa, fatar cinyarta ta fara saki, kukan kyanwar ma ya ragu. Inna Kulu ta fara zancen nonon akuya da ruwan dabino. Na ce a'a, ta ce to a bar ta da yunwa?

Na je zaure na zauna kusa da tsoho. Na ce, "Baba, ƙirjinka ya yi aikinsa, amma ba ya da nono. Nonon uwa ba ya sauka sosai sai ta ji ɗiyarta a jikinta. In muka ci gaba haka, ina tsoron ba za ta kai ranar suna ba."

Wasa ya bar fuskarsa. Ya sa tafin hannunsa ya rufe bayan jaririyar duka. Ya ce, "In tsawata ma Sahura?"

Na ce, "In ka tsawata za ta ɗauka?"

Ya ce, "Za ta ɗauka. Kunya ta kashe ta tsaye, ɗan nonon da ya rage shi ƙafe ƙaf." Ya dubi igiyarsa. Can ya ce, "Ba ɗiyar take gudu ba, Madam, idon mutane take gudu. To ni da ina kokowa, in ƙafar mutum nike so, sai in sa shi ya yi ta tsaron wuyanshi. Kina da wata hula irin wagga?"

Na ce ina da ita. Ya aika Inna Kulu ta kawo masa ɗan goran duma, irin na zuwa gona. Sannan ya sa aka faɗa wa mata cewa likita ta ce mai jego ta huta, ba mai shiga ɗakinta. Mai barka ta tsaya zaure, tun da abin barkar yana wurinsa. Ya dogara sanda ya zo bakin ƙofar ɗakin, ya juya mata baya. Na kwance zane na ɗauki jaririya. Na ɗaura masa gora a ƙirji da wani zanen, na kafa wa gora hular ulu, na gyara riga. Ya koma zaure yana takawa a hankali, hannu ɗaya tallafe da gindin gora.

Na shiga na saki asabari. Daga ni sai Sahura. Na ce, "Ƙanwata, ɗiyar tana wurin Baba, duk gari ya sani. Wannan da ke hannuna ba wanda ya san da ita."

Sai ta runtse ido, ta sassauta zanenta. Na kwantar mata da ita na ɗaure. Fuskarta tana bango, idonta a rufe gam. Amma na ga hannunta ya bi ta ƙarƙashin zane ya tallafi ƴan ɗuwawun.

Za ku ce an ruɗi gari ke nan. Haba! Wa za a ruɗa? Matan da kowace ta yi goyo ba adadi, su kasa bambance jariri da duma? Ko awa ba a yi ba kowa ya gane. Ni dai ina tsaye ina jiran a tona mu, sai ga wata dattijuwa ta durƙusa bakin zaure.

"Baba, ina kwanan amarya?"

"Lahiya lau. Barci take, ku rage murya."

Ta leƙa wuyan riga, ta ga hula bisa wuyan gora, ta ce, "Tubarkalla! Kai, ta yi kumari." Har da ɗan shafawa. Ta tashi ta tafi, ko gefen ɗakin Sahura ba ta kalla ba.

Haka aka riƙa yi. Abin da ya kusa kashe ni shi ne in jaririya ta yi kuka. Kuka yana fitowa daga cikin gida, ƙarara, Baba Nomau kuma sai ya hau jijjiga gora yana lallashi. Mata su ce, "Ayya, yunwa take ji," suna kallon ƙirjinsa. Abokin wasan nan nasa ma da ya zo, ya dubi gora, ya dubi Nomau, na ga tsokana ta cika masa baki har kumatunsa suna motsi. Sai ya ce, "Allah shi raya," ya juya da sauri. Ni kam bayan rumbu nake zuwa in yi dariyata in share ido in dawo da fuskar likita.

Nono kuwa ya sauka. Na shiga wata safiya na tarar gaban zanen Sahura ya jiƙe sharkaf, ƴar mitsitsiyar ta lalubo da kanta ta kama tana tsotsa, tana hutawa, tana komawa. Kuka ya yi ƙarfi, har Baba Nomau ya yi ƙorafin hannunsa ya gaji da jijjiga.

Da gulbi ya fara janyewa na lura idon jaririyar da fatarta sun soma rawaya. Wannan ba na zaure ba ne, sai babban likita a Maradi. Shofer ya ce mota tana bakin gaɓa, amalanke zai iya hayewa. An yi ruwa da asuba, iska mai sanyi tana kaɗawa, kuma ko taki ɗaya ban yarda a yi da ita ba a ƙirji ba. Ga gari duka ya taru ƙofar gida rakiya, maza da mata, daga bakin zaure har inda amalanke yake.

Na ce wa Sahura, "Ba ni ita in ɗaura. In mun fita gari sai ki karɓa."

Na kai hannu ga ƙullin zane. Sai na ji hannunta bisa nawa. Ba ta dube ni ba, ta dai riƙe ƙullin nan tamau. Ta jawo babban mayafi ta lulluɓa, ta miƙe. Mayafi kuwa ba ya ɓoye goyon ƙirji, kowa zai ga tudun. Na kuwa san abin da fitar nan za ta jawo mata.

Na riga ta fita, na yi wa tsoho ido. Ya dubi ƙofar ɗaki, ya dubi taro. Sai ya jefar da sanda. Ya miƙe bisa gwiwar nan tasa, ya ɗingisa zuwa can ɗaya gefen fili, nesa da amalanke, ya ɗaga hannu ɗaya sama, ɗaya yana riƙe da gora. Muryar da ya ɓoye tun zuwan amarya ya sake ta gaba ɗaya. Kirarinsa na kokowa ya shiga yi, yana lissafa mazan da ya kayar, yana cewa yau ga wadda ta kayar da shi ba ta ko tashi tsaye ba. Yana taka rawar fili, gora yana tsalle, hula ta karkace. Gari duka ya juya wurinsa. Mata suka hau guɗa, suna yi wa gora Allah kiyaye hanya, alhali gora ba inda za shi. Ban ga ƙeya ɗaya da ta waiwayo ba.

Sahura ta bi ta bayansu, kai a sunkuye, ta hau amalanke. Inna Kulu ta miƙo ƙullin kaya tana kallon ƙafar shanu, kamar ba ta taɓa ganin kofato ba. Leɓenta dai yana motsi.

Na ga bakinki yana motsi ke ma, ƴata, to bari in hutar da ke: ta rayu. An yi mata magani a Maradi, bara ma an ce mini ta shiga lakol, tana karatun boko. Na kai rahotona taro na gaba, wasu ma daga wasu ƙasashe suka kawo irin nasu. Aka ƙara cewa wani na gida yana iya karɓar uwa goyon ƙirji, kuma a samar wa uwa wurin da ido ba ya kanta. Gora dai bai shiga ba. Na ba da labarinsa, tafinta ya kasa ci gaba don dariya, amma ba wanda ya san a wane shafi za a sa shi.

To muna bisa amalanke, mun wuce rumbu na ƙarshe. Gero ya yi tsawo hagu da dama, mai amalanke ya ba mu baya yana fama da shanunsa, muryar tsoho tana ta raguwa a bayanmu. Na zura hannu ƙarƙashin mayafi na taɓa ƙafar. Ɗumi.

Sahura ta waiga baya, ta leƙa gaba. Ba kowa sai gero. Ta ɗaga bakin mayafi, ta tura ƴar hular sama da yatsa ɗaya, ta sunkuyar da kai. Tun da ta haife ta, ranar ta fara ganin fuskarta. Ta daɗe tana kallo, ni kuma na kama kallon gero.

Can na ji ta ce, "Madam."

Na ce, "Na'am."

Ta ce, "Ashe hancin Baba ta ɗauko."

Dariya ta kuɓuce mata, hawaye suna zuba bisa mayafi. Sai ta yi maza ta mayar da hular, kada iska ta taɓa mata ɗiya.